Motar Dalhatu Mai Dogon Baya

Dalhatu ɗan Inna Yalwa irin mutanen nan ne da Allah ya halitta don wasu su huta. A Nasarawa Burkullu aka haife shi, kuma kafin ya yi gemu babu matar unguwar da ba ta ci moriyarsa ba. Wannan ta aike shi niƙa, waccan ta ɗora masa tulu, in ya dawo a sa masa albarkar da ba ta cika cokali ba, ya tafi yana murna. Ya koyi ɗinki a Gummi wurin wani kawunsa, ya sauka Gusau da keken ɗinki ɗaya, Allah ya sa wa hannunsa albarka har ya buɗe shago. Ya auri Naja'atu, 'yar Anka, mace mai ido a buɗe, suka haifi 'ya'ya biyar. Kowace safiya sai ka gan shi a kan babur, ɗaya a kan tanki, uku a baya, autan kaɗai ke gida, an jera su kamar kwanukan jere, yana kutsawa tsakanin 'yan kabu-kabu zai kai su makaranta.

Ba yaran ne suka sa shi neman mota ba. Inna ce. Ciwon suga ya kama ta, wani miki ya fito mata a ƙafar dama ya ƙi warkewa. Likita a Gusau ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: a riƙa kawo ta ana wankewa ana dubawa, in aka yi sakaci ƙafar ce za ta tafi. To motar haya kuwa kun san ta, huɗu a baya, biyu a gaba, ga kaji ga buhu. A zuwa na biyu wani ƙato mai takalmin roba ya taka mata mikin tun daga Bukkuyum, bai ɗaga ba sai da ta kai masa duka. Ta rantse ba ta ƙara shiga motar haya, kuma Inna Yalwa ba ta yin kaffara.

Sai Dalhatu ya nemi Manu dillali. Manu ya kawo masa motoci biyu 'yan Kwatano har ƙofar gida. Ɗaya ƙarama ce, mai shiga kowane lungu. Ɗayar wagon ce mai dogon baya. Manu ya buɗe bayan, ya danna wani abu, kujerun suka kwanta shimfiɗe.

"Ka gani, Tela? Yara su zauna, kayan cefane su shiga, keken ɗinkinka ma ya shiga. Mai kaɗan take sha. Tsohuwa kuma ka sa mata katifa, ta miƙe ƙafa har Gusau."

Dalhatu da kansa ya hau ya kwanta don ya gwada, ya ga har da sauran wuri. Naja'atu na leƙe daga zaure. Da ya shigo ta ce, "Maigida, ƙaramar za ka ɗauka."

"Inna fa? Ina za ta kwanta?"

"A tura kujerar gaba baya, ta zauna. Wagga mai dogon baya ba ta mutum irinka ba ce. Ta mai iya ɗaure fuska ce. Ka san mutanen garinku, in sunka ga wuri, sai sun sami abin zubawa."

Ya yi dariya, ya ce mata ba su san mota ba. Ya ɗauki wagon.

Da farko kam sai hamdala. Inna ta yi zuwa uku tana kwance kan katifa, tana cin gyaɗa, tana cewa, "Tela, kamar ina bisa gadona." Tela take kiransa, don ɗan fari ne. Mikin ya kame, likita ya ce ta huta, sai an kwana biyu a dawo.

A cikin hutun nan ne wani dattijo ɗan garinsu ya cika a asibitin Gusau. Danginsa suka nemi shatar mota, direbobi suka yi musu tsada, sai wani ya tuna da Dalhatu. Ya rufe shago, ya kwantar da kujeru, ya kai gawar gida kafin la'asar. Wannan babu mai cewa komai, aikin lada ne, kowa ma ranarsa na zuwa. Abin da ya biyo baya ne abin ƙyama. Lambar wayarsa ta zaga Nasarawa, ta tsallaka Adabka, ta shiga ƙauyukan da ko sunansa ba su sani ba, sai dai "telan nan mai wagon". Mai rai in zai zo Gusau biki ba ya nemansa. Ranar da aka ja wa wani zane har fuska, to wayarsa za ta yi ƙara. Ko man mota babu mai tambaya. Sai dai a dafa kafaɗarsa a ce Allah ya ba da lada, kamar su ne masu rabon ta.

Kuma ba wai garin babu motoci ba ne. Akwai Alhaji Barau, wanda zinare ya ɗaga sama a 'yan shekarun nan, motoci uku ne a ƙofar gidansa suna shan inuwa. In aka je masa sai ya shafa ciki ya ce, "Ai kujerun nawa ba su kwanciya." Ranar da ƙanen ubansa ya rasu a Gusau, sai ya kira Dalhatu ya ɗauko gawar, shi kuma ya biyo baya a jif, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa shi.

Naja'atu ce mai wankin bayan motar, da sabulu da ruwan zafi, tana toshe hanci da gefen mayafi. Yaran suka daina cin ƙosai a ciki. Babbarsu ma ta ce a riƙa sauke ta nesa da ƙofar makaranta. A Nasarawa kuwa, da zarar an hango motar ta karyo kwana, mata sai su fara lissafin wa ke kwance a asibiti.

Ana haka mikin Inna ya sake buɗewa. Ta kwanta a ɗaki, aka kwana biyu ba a gan ta tsakar gida ba. Dalhatu ya taso da safe, ya tsaya daidai ƙofar gidanta, ya buɗe baya, ya kwantar da kujeru, ya gyara katifa. Sannan ya ɗauko wani farin yadi da ya yanko a shago don ya shimfiɗa mata, ya saƙale a hammata, ya shiga gida kansa a sunkuye, don tunanin ƙafar ya dame shi.

Saude, maƙwabciyar Inna, tana shanya a kan danga. Ta ga motar, ta ga kujeru a kwance, ta ga tela da farin yadi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta saki salati da ƙarfi, ta faɗa gidan gaba.

Dalhatu na durƙushe a ɗaki yana gaida Inna, ita kuma tana shan kunu, sai suka ji tsakar gida ta cika. Kuka na tashi, ana jan majina. Ya yunƙura zai fita, Inna ta riƙe masa riga.

"Zamna. Bari in ji."

Suka ji kuwa. Wata ta ce Yalwa mace ce mai haƙuri, wata ta ce ai bakinta ne kawai, ta sha zagi wurinta. Sai muryar Saude, cikin shessheƙa: "Akuyar nan mai ciki, ta sha faɗa mani ni za ta bar ma. Ku shaida tun yanzu, kar 'yan Gusau su zo su kwashe." Wata kuma tana tambaya ko babbar tukunyar ƙarfen nan ta Yalwa ce ko aro ce, don za a buƙace ta wurin gumba.

Inna ta ajiye ludayi. Ta dogara sanda, ta ɗaga labule, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a naɗe.

Wata ta zubar da buta. Wata ta nemi hanyar waje ta rasa.

"Ku ci gaba," in ji Inna. "Saude, mi kika ce game da akuya?"

"Yaya Yalwa, wallahi motar ce munka gani..."

"Motar ce ta ce maki na ba ki akuya? Ke da ko gaishe ni ba ki shigo ba ina kwance, ashe ƙafarki lafiya lau take."

A waje abin ya fi muni. An shimfiɗa tabarmi. Samari sun riga sun wuce maƙabarta da diga da shebur. An tura mai babur Adabka ya gaya wa ƙanwarta. Alhaji Barau ya iso, an ba shi wuri mai inuwa, yana cikin ba da labarin yadda marigayiya ta goya shi yana yaro, abin da ba a taɓa yi ba. Da Dalhatu ya fito ya ce Inna na nan da ranta, sai aka fara kallon juna. Wani dattijo ma ya ɓata rai, ya ce to me ya sa zai tsaya da wannan mota a ƙofar mutane ba tare da ya yi bayani ba? Wato laifin na Dalhatu ne. Aka naɗe tabarmi ana gunaguni kamar an hana su wani haƙƙi.

Da mutane suka watse, Dalhatu ya koma ciki. "Inna, ki tashi mu tafi, rana na yi."

"Cikin mi?"

"Cikin mota mana."

"Ban shiga. Ina zamne ina shan kunu anka yi mani makoki. In na kwanta cikin wagga aba, kafin mu kai Anka sun haɗa ruwan wanka."

"To ki zauna gaba, kusa da ni."

"Gaba da baya duk jiki guda ne, Tela. Ka ɗauke ta daga ƙofata."

Ya roƙe ta, ya kira liman ya yi mata nasiha cewa mota ba ta kashe kowa, kwana ne ke ƙarewa. Ta ce ta sani sarai, ta riga liman sani, amma shi ya shiga ya kwanta a zaga gari da shi in ya isa. Liman ya ce yana da ɗaurin aure.

Dalhatu ya wanke ƙafa ya tafi gidan Alhaji Barau neman aron mota, yini ɗaya tak. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Ya ce ɗaya motar za ta daji wurin ma'aikatansa masu haƙar zinare. Ɗaya tana jiran bakanike. Jif kuwa, ai ka san mikin suga yana da ɗan wari, kuma kujerun fata ne. Haka ya faɗa, da bakinsa, a gaban ɗan matar da ya ce ta goya shi.

Dalhatu ya koma Gusau shi kaɗai, katifa na zamewa a baya. Aka shiga jeka-ka-dawo. Ya sayo magani ya kai, ya ɗauko wani ma'aikacin asibitin Bukkuyum ya wanke mata a gida, mutumin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Yanzu in zai je sai ya ajiye motar bayan gari, ya ƙarasa a ƙasa kamar ɓarawo. Ɗakin Inna ya fara wari, turaren wuta ya kasa rufewa. Kuma a cikin wannan hali wayarsa ba ta daina ƙara ba. Har sau biyu ya kai gawa Nasarawa, ya wuce ta bayan gidan uwarsa, ita ba ta shiga ba.

Naja'atu ba ta ce masa "na faɗa maka" ba, ko da yake ya ci a ce ta faɗa. Wata safiya yana shirin fita ta tsaya a gabansa.

"Maigida, matattu suna da masu ɗaukarsu, ko ba ka nan za a kai su. Inna kai kaɗai gare ta. Ka kira Manu."

Ya kira Manu. Wani direba ɗan Gummi mai jigilar albasa ya ga wagon ya yaba, bai damu da tarihinta ba, ya ce albasa ba ta tsoron kowa. Aka yi musaya, Dalhatu ya karɓi wata 'yar ƙaramar mota ja, wadda in yaran biyar suka shiga sai an danna ƙofa da gwiwa. Ranar da ya tsaya da ita a ƙofar gida, Inna ta leƙo ta ƙare mata kallo.

"Wagga ko akuya ba ta kwanciya ciki."

"Ba ta kwanciya, Inna."

"To ɗauko mani mayafina."

Aka tura kujerar gaba har ƙarshe, aka sa matashi a gaban gilashi, ta ɗora ƙafar a kai. Haka suka tafi, kowane rami ta tsine masa. Likita ya buɗe ƙafar ya duba, sannan ya yi wa Dalhatu faɗan da bai yi wa kowa ba a ranar. Yatsu biyu aka cire. Ƙafar dai ta tsira.

Ku tambayi mutanen Nasarawa labarin Dalhatu yanzu, ku ji. Birni ya cinye shi. Ya sayar da motar lada ya sayi ta gayu. Matarsa ce ta juya shi. An ma yi taro a ƙofar Alhaji Barau kan a haɗa hannu a sayi motar gari, aka naɗa Alhaji shugaba, aka sha lemo, aka yi addu'a, aka watse. Ba a sake tayar da zancen ba.

Shi kuwa Dalhatu yana nan a shagonsa, furfura ta fara fito masa. Duk wata yana zuwa ya ɗauki Inna, ƙafarta a sama kan matashi, a naɗe da farin bandeji, ana hango ta tun daga nesa. In suka zo daidai ƙofar Saude sai ta ce ya rage gudu ya danna hon. Ya ce, "Inna, don Allah." Ta ce ya danna. Sai Saude ta leƙo, Inna ta ɗaga mata hannu, su wuce.