Iskar Sabon Firji

Me ya hana shi jiran iskar ta gama fita? Har yau nakan tambayi kaina, kuma wanda ya san amsar yana kabari.

Maigidana mai gyaran firji ne a bakin tashar Mafara, a kan wannan sana'a muka tsufa. Ban yi karatu ba, amma na haddace ƙa'idarsa saboda yawan faɗinta da yake yi. Kafin a kai wuta kan bututu don a liƙe shi, sai a saki iskar ciki duka, a buɗe ƙofa da taga, a naɗe gefen wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Yakan ce iskar sababbin firji ɗaya take da gas ɗin girki.

Ranar kasuwa ce wani mahauci daga Bakura ya kawo nasa firjin, yana roƙo, wai namansa zai lalace kafin la'asar. Maigida bai iya cewa a'a ba. Ana ruwa, ya tura ƙofar shago ya rufe. Maƙwabtansa sun ce ya saki iskar, amma bai jima ba ya kunna wutar liƙi, sai shagon ya kama.

Kwana huɗu ya yi a asibiti, ƙirji da hannuwa a naɗe. Mahaucin nan kullum yana bakin ƙofa, ni kuwa na ƙi amsa gaisuwarsa. Rana ta huɗu ina yi wa maigida fifita ina kuka, sai ya buɗe ido.

Ya ce, "Uwargida, ki amsa wa bawan Allahn nan sallama. Roƙo kawai ya yi. Ni na kunna wutar."