Wane Zafin?

Daga kan bencin asibiti, wani direba da ya kawo mahaifiyarsa yana kallon wata babbar nas, gajeriya, tabarau a goshi, jan biro a hannu. Tana duba takardun binciken wata ƙaramar nas.

"Kin tambayi waɗanda aka yi wa tiyata ko suna jin zafi, kowa ya ce e. Wane zafin, ƙanwata? Na ɗinki ko na gari?"

Ƙaramar ta sunkuyar da kai, aikin wata uku ya tashi a banza. Direban yana zaton babbar ma an taɓa yi mata haka.

Babbar ta soke "zafi", ta rubuta "raɗaɗi", ta miƙa wa ƙaramar biron.

"Gobe mu sake. Ke za ki yi tambayar, ni zan riƙe miki takardun."