Burtalin Dakta Namadi

Malam Hayatu ya fara sanin Dakta Namadi a daminar 1997, a asibitin Gummi, ranar da ya kai matarsa Turai da hawan jini. Malam Hayatu tsohon malamin firamare ne, ɗan makarantar mishan, mai son komai bisa ƙa'ida. Ya lura likitan ya wanke hannu, ya gaishe su a natse, sannan ya juya ya gaida matar gadon kusa da Fulatanci. Turai ta samu sauƙi, zumunci ya ƙullu.

Da soja suka buɗe fagen siyasa, Dakta ya ajiye aiki ya hau babur. Ya bi kasuwanni daga Anka har Nasarawa Burkullu yana cewa Nijeriya ɗaya ce, manomi da makiyayi da Bayarabe mai shago duk 'yan gida ɗaya ne. Jama'a suka bi shi. A 2003 ya nemi kujerar majalisar tarayya, Malam Hayatu ke gyara masa jawabi.

Ana gab da zaɓe, manoman wani gari kusa da Adabka suka share burtali, hanyar shanu zuwa mashaya, za su shuka gero. Suka aiko cewa ƙuri'unsu nasa ne in ya kau da kai.

"Dakta, yi shiru har a gama zaɓe," in ji Malam Hayatu. "Shanu ba su da kati."

"Amma suna jin ƙishirwa, Baba Malam."

Ya je ya zaunar da hakimi da arɗo da manoma, aka mayar da duwatsun iyaka. Garin ya juya masa baya, ya faɗi zaɓe. Ya buɗe ƙaramin asibiti a Bukkuyum, ya ci gaba da jagorantar mutanensa ba kujera. Daminar shekarar zaɓen ba a zubar da jini ba a yankin, har yanzu tsofaffi na sa masa albarka. Malam Hayatu dai ya daɗe yana jin haushi.

Inna Marka, tsohuwar Bafulatana mai kawo wa Turai nono, ita ta warware masa.

"Malam, boko bai gaya maka komi ba," ta ce. "Maigidana ya ba uban Namadi aron karsana irin namu: ka riƙe ta har ta haihu, maruƙa naka, uwa ka maido. Maruƙan anka saida Namadi ya yi karatu. Uwar ta mutu ba a maido ba, mu kau munka yafe, haka al'ada take. Burtalin ga, shanun ɗiyana ka bin shi."

Ta ɗaga ƙwaryarta ta ɗora a kai.

"Bayan zaɓe wani ya jawo karsana har rugarmu, wai bai san mai aike ba. Ni kau na san Namadi ya aiko ta, yaron da ya sha nonon saniyarmu."