Jirgin Ƙarshe a Titin Gidan Auduga

Mahaifina ya yi rabin rayuwarsa yana tsaron shingen da ke inda layin dogo ya ratsa titin gidan gurzar auduga, ƙasa da tasha. Da aka ce za a faɗaɗa titin a tone dogon, kuma kan jirgi zai zo sau ɗaya tak ya kwashe tsofaffin taragun da suka daɗe a yashe, sai na ci alwashin ɗaukar masa bidiyo ya ajiye. Ni da son a sani, har babbar waya na aro wurin malamar da muke koyarwa tare. Ko kaɗan ban tuna cewa idon Baba ya riga ya tafi ba.

Ya ce ƙafarsa ƙafata, muka tafi ina riƙe da hannunsa.

Titin ya manta da jirgi. Masu walda sun jingina ƙofofi a jikin tsohon shingen, mata masu tumatir daga garin Kwadon sun baza kwanduna a kan dogon. Baba ya tuɓe takalmi ɗaya, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙarfen.

"Yana tafe," in ji shi.

"Baba, ni ban hango komai ba."

"Za ki hango. Jama'a, a kwashe kaya!"

Rabona da jin wannan muryar tun ina ƙarama. Matan suka hau kwasa, masu keke napep suka ja birki, babu wanda ya tambayi ko wane ne wannan tsoho. Na ja shi gefe, na danna ɗauka.

Sai ga shi. Wallahi ban san haka yake da girma ba. Ƙasa ta ɗauki rawa har cikin haƙorana, ƙahonsa ya cika titin, tantabaru suka tashi daga rufin gidan audugar gaba ɗaya. Taragun suna wucewa a hankali, jajaye da tsatsa, ciyawa ta tsiro a kan wasu. Na saki baki, tsigar jikina na tashi, ina hawaye ban san dalili ba.

Sai da ya ɓace na duba hannuna. Ashe wayar ƙasa take kallo tun farko. Babu abin da ta ɗauka sai tsakuwa tana tsalle da ƙafar Baba ɗaya babu takalmi. Kunya ta kashe ni, ga shi ba a maimaitawa.

A gida na faɗa masa gaskiya.

"Kunna mini," ya ce.

Ya kara wayar a kunne. Da ƙarar ta kai inda ƙafafun jirgin ke bugun mahaɗar dogo, sai ya ce, "Nan ne bakin shingena." Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun dama kamar yadda yake ɗaga tuta a da.

Bai sauke ba sai da taragon ƙarshe ya wuce.