Ranar da na raka Mama Laraba wajen likitar yara

Mama Laraba, maƙwabciyata a garin Largo, ta dire kwalbar fararen ƙwayoyi gaban likitar, wata 'yar Zariya.

"Wani mai maganin homiyofati, irin wanda ba na asibiti ba, ya ce rigakafi ne ya jawo wa jikana asma. Waɗannan nake ba shi, na ajiye maganin shaƙa."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Sai likitar ta jawo kujera kusa da ita. "Mama, ba rigakafi ba ne. Ni ma da ɗana ya kamu, na shekara ina tuhumar kaina."

Mama ta share hawaye. "To 'yata, koya min shaƙar nan."

Ni kuwa kafin nan, wata biyu ina fama da ita ta koma ba yaron maganin shaƙa, ban ci nasara ba! Kun taɓa gamuwa da likita irin wannan?