Ranar da Na Yanka Labulen Mama

Kaka Ladi ta zo Kano daga Kafanchan da niyyar ganin likita na mako biyu, ta shekara shida a gidanmu na Nassarawa GRA. Da damina, bayan magariba, takan hura gawayi a baranda ta jera masara, ni da ƙanena Bulus mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba.

Wani yammaci ta ce yau babu Gizo, labarin gaske ne da wata Sista ta coci ta ba su suna 'yan mata. Wai can ƙasar Turawa, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, annoba ta faɗa wa wani birni. Masu mulki da attajirai suka tsere, amma Bishop ɗin garin ya ce makiyayi ba ya barin tumaki a bakin kura. Ya rabar da hatsinsa, ya bi gida-gida a ƙafa yana duba marasa lafiya. Da sutura ta ƙare, ya sa aka sauko da labulayen gidansa aka yayyanka, aka ɗinka wa talakawa riguna. Wai gari ya cika da matsiyata cikin jan yadi mai sheƙi kamar 'ya'yan sarauta.

Shekarata takwas lokacin. Nan take na ga ashe zama waliyyi ba wuya, almakashi kawai ake nema.

Washegari Malam Sule maigadinmu ya kwanta da zazzaɓi, yana rawar ɗari har gadonsa na tafiya. Na ɗauko almakashi na nufi falo, inda Mama ta rataya sabon labule saboda Fada, limamin cocinmu, zai zo sa wa gida albarka ranar Asabar. Na yanko rabi na lulluɓe Malam Sule. Bawan Allah ya yi ta shi mini albarka, bai san da kayan sata ya rufa ba.

Salatin da Mama ta yi, na rantse har unguwar Giginyu an ji. Ta zaro muciya, na faɗa bayan Kaka. Kaka ta ce a fara dukan da ita, tunda ita ta kawo labarin. Ta shiga ɗaki ta ciro zaninta na zuwa coci, wanda ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai, ta ce a rataya a tagar. Muciya ta koma kicin. Sannan Kaka ta murɗe mini kunne.

"Ke Rifkatu, Bishop ɗin nan labulensa ya yanka, ba na uwarsa ba."

Ranar Asabar Fada ya yayyafa wa zanin ruwan albarka, har ya yaba kyan labulen. Mama ta sunkuyar da kai, Kaka ta ce, "Mun gode, Fada."

Kaka ta rasu bara, zanin yana akwatina. Sai da na girma na gane a gidan nan mutum ɗaya ce ta yi abin da Bishop ya yi, kuma ba mai almakashin ba ce. Na gode wa Allah da ya ba ni ita. Mama kuwa, har yau in ta ga na fara tausayin wani, sai ta ɓoye almakashi.