Auta Ba Ta Iya Aike Ba

Auta ce a gidansu, kuma aike ta gefe ɗaya ta san shi: a aike ta. Yayye rututu, kowa da bakinsa. "Auta, miƙo ruwa." "Auta, duba wa ke ƙofa." Haka ta tashi ƙafarta ba ta san zama ba. Har ta kammala jami'a da digirin gudanar da kasuwanci, ba ta taɓa ce wa wani mahaluki ɗauko mini ba.

Sai ga ta manaja a wani gidan wanki da guga, aikin gwaji. Ma'aikatan duk sun girme ta, wani ma ya yi jika da ita. Ta buɗe baki za ta ba da umarni, sai kunya ta shaƙe ta, ta ce bari kawai ta yi da kanta. Ita ce wajen injin wanki, ita ce wajen shanya, ita ce ninkin zannuwan otal, mayafi ɗaure a ƙugu. Su kuwa me ya fi musu wannan daɗi? Suka miƙe ƙafa suna yaba mata tarbiyya.

Ranar da mai wurin ta iske ta tana guga, gumi har haɓa, ba ta ɓoye fushinta ba. "Manaja na ɗauka. Masu guga ina da su. In zannuwan nan suka sake makara, ki nemi wani wurin."

Auta ta kai ta kawo tsakanin tebura. Can ta nufi Baba mai guga, dattijon da ke kishingiɗe kan buhun kaya, rediyo a kunne.

"'Yata, kin gaji ko? Zauna mana."

"Baba, ka tashi ka goge zannuwan nan. Yanzu." Ba ta ƙara da don Allah ba.

Ya dube ta, ya kashe rediyon. "To, Manaja."

Zannuwa suka fita kan lokaci, aiki ya tabbata nata. Daga ranar kowa na tsaye da ta shigo, hira na mutuwa da ta matso. Ta samu abin da ta nema, kuma ya yi mata ciwo. Har yau in Baba ya gaishe ta takan ɗan dakata, ko zai ce 'yata. Manaja yake cewa.